Makankari da Tulun Iri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kika sauka a Sakkwato. Ina gajiyar zirga-zirgar takardu? Allah ya sa an gama lafiya, ya tsare ki a hanyar da ke gabanki, wadda ta fi duk hanyar da wani ɗan gidanmu ya taɓa bi nisa. Innarki tana gaishe ki, yayyenki ma haka. Tun ranar suna nake kiran ki Uwata saboda sunan mahaifiyata da kika ci. To yau ki yi haƙuri ki zauna a mazauninta ki saurari ɗanki, don abin da zan faɗa bakina ba zai iya shi ido da ido ba. Na ba yayanki Murtala takardar nan ya kai miki kafin ki tashi.

Maganar alkawarin nan ce. Kin tuna sharaɗin da na gindaya kafin in yarda ki tafi kudu ƙaro karatu: kina gamawa ki dawo Mafara, ba aiki a wani gari, ba aure a wani gari, mu zauna tare har ranar da daji zai lafa mu koma ƙauyenmu. Kika ce, "To, Baba," ko kai ba ki ɗaga ba. A ranar na ji daɗi har na ƙara tuwo. Yau wannan "to" ɗin ne ya tsaya mini a rai, kuma zan gaya miki dalili daga tushe.

Ke kika jawo, ke da dutsenki. Ranar da kika same ni a zaure bayan la'asar kika ɗora mini shi a tafin hannu, na ɗauka makankari ne, irin wanda muke tsinta a bakin gulbi idan ruwa ya ja, mai ɓawo biyu da ɗan nama a ciki, wanda kakarki take kankare ƙanzon tukunya da shi. Ga siffar, ga layukan bayansa, komai. Amma nauyin ba nasa ba ne. Har na gwada shi da haƙori, kika yi ta dariya.

"Uwata, wanga makankari na ko dutse na?"

"Duka biyu na, Baba. Na teku na. Ya daɗe cikin ƙasa har yaz zama dutse. Bisa wani tudu munka haƙo shi, nan ƙasar Sakkwato."

"Teku? Sakkwato? Inda anka san rana ta gasa mutum kamar tsire?"

Na ɗauka tsokanata kike yi. Da na ga fuskarki ba wasa, sai na sake duban dutsen. Na je Sakkwato sau ba adadi, na taka tuddan nan da ƙafata, ashe a ƙarƙashin teku nake tafiya ban sani ba.

Sai kika ci gaba. Kika ce a wani zamani mai nisa, tun babu ɗan Adam, shekarun da kika ambata ba su ma zauna a kaina ba, wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama. Ƙura da hayaƙi suka rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi su, masu cin nama suka bi bayansu. A teku ma haka. Dangin makankari, duk masu ɓawo biyu, kusan uku cikin huɗu suka ƙare ƙaf. Na ce Allah ne masani. Kika ce ƙwarai kuwa, duwatsun ma shi ya ajiye su don a karanta.

Kika ce abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, duk da wannan mutuwa, da wuya a sami wata hanyar rayuwa tasu da ta ɓace gaba ɗaya. Mai binne kansa cikin laka, da mai manne wa dutse, da mai huda itace ya shige, har da mai iyo yana tafa ɓawonsa, kowace sana'a an bar mata masu riƙe ta ko 'yan kaɗan ne. Waɗanda danginsu ke warwatse a tekuna da yawa sun fi samun tsira, don in an ƙare a nan, can akwai saura. Amma wasu manya, waɗanda suka taru wuri guda a ruwa mai ɗumi suna gini a kan junansu har ya yi tsawon ganuwa, su ne masu faɗa a ji a lokacin, ko ɗaya bai kai labari ba.

Ni kuma na yi tambayar da na ga kowa zai yi. Na ce to waɗanda suka tsira su suka gaji tekun ke nan.

"A'a, Baba. Tsira daban ta, tashi daban na. Akwai wani dangi da ad da yawa ko'ina kahin abin. Sun tsira, amma ba su ƙara yaɗuwa ba. Yau sai gaɓar ƙasa guda can nesa aka samun su, 'yan kaɗan. Wasu ko da ba a san da su ba, su sunka cika wurin."

Na tambayi yadda abin da ba shi da ƙafar kirki yake cika teku. Kika ce da yawansu 'ya'yansu suke saki cikin ruwa tun suna ƙanana kamar gari, igiyar ruwa ta tafi da su inda iyayen ba za su taɓa gani ba. Kika ce har namu na gulbi, 'ya'yansa jikin kifi suke maƙalewa, kifi ya kai su wani wuri su sauka. Ni da na girma ƙafata cikin gulbi, na fasa makankari ya fi a ƙirga, ban taɓa tambayar kaina yadda yake zuwa inda nake tsintar sa ba. Innarki ta kira ki, kika tashi kika bar ni riƙe da dutse. Ke labarin karatunki kika ba ni, ni kuwa sai na ji kamar an tsaya a ƙofar gida ana karanta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.

Kin san gidanmu na ƙauye, can ƙasar Maradun kusa da Gidan Goga, amma kin san shi da idon yarinya. A zamanin mahaifina rumbunanmu ake fara hangowa kafin a ga masallaci. Duk namiji da aka haifa a gidan, a gidan yake aure, a gandun gidan yake noma. Akwai wani ɗan'uwan babana da ya riƙa tura 'ya'yansa, wannan Bakura cinikin dabbobi, wancan Mafara ɗinki, wani har Gusau. Ni na fi kowa yi masa dariya, ina cewa ya watsa gidansa da hannunsa. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, Allah ya fitar da mu duka da rai, kin gani da idonki. Amma rumbuna, da shanu, da gona, da sana'ar kowa, duk wuri ɗaya suke, rana ɗaya suka tafi. Tsohon da nake wa dariya ya hau mota ya sauka ɗakin ɗansa a Bakura, aka shimfiɗa masa tabarma. Mu muka kwana a rumfar kasuwa kafin mu sami haya.

Don haka in kin sauka a can kudu, kada ki nemi 'yan garinmu kawai ki lafe cikinsu. Ki gaishe su, ki ci abincinsu, amma ki koyi gaisuwar mutanen wurin da harshensu ko da za su yi miki dariya. Ki san maƙwabciyarki, ki san mai sayar miki da kayan miya, ki je musu barka da ta'aziyya. Ki yi gidajen da za ki iya ƙwanƙwasawa a garuruwa da dama. Ban yi wannan ba, kuma na ga ranar da na buƙace shi.

Wancan kuskuren na daɗe da sanin sa. Wanda ya sa na ɗauki biro sabo ne, ko wata bai yi ba.

Kin san tulun nan da ke ƙuryar ɗakina, wanda nake hana jikoki zama kusa da shi. 'Yar Gulbi ce a ciki, dawar gidanmu. Ba ki san ta sosai a gona ba. Ja ce, mai ƙwaya manya, karanta da zaƙi. In gulbi ya yi ambaliya ya shiga fadama, dawar kowa ta kwanta ta ruɓe, ita tana tsaye cikin ruwa har ya ja. Kakannin kakanninmu suka yi ta zaɓen ta, zangarniya bayan zangarniya, kafin girbi, har ta zama haka. Kuma akwai doka a gidanmu: iri ba ya fita. Muna da kyauta, kowa ya shaida, amma duk dawar da za ta bar gidan sai an surfa ta tukuna, don kada ta shuku. Maƙwabci, surfaffiya. Malamin da ya zo wa'azi, surfaffiya. 'Yar gida ma in za a kai ta ɗakin miji, buhu-buhu ake ba ta, amma sai an bi ta turmi. Haka na taras, haka na riƙe, har na fi waɗanda suka kafa dokar tsanani.

Ranar gudu, kowa ya ɗauki yaro ko tsohuwa, ni na ɗauki irin. Da muka natsu a Mafara na sayi sabon tulu, na gauraya shi da toka yadda aka koya mini, na rufe baki da murfi, na liƙe da laka. Daminar farko wani abokina na Garbadu, Malam Ɗahiru, ya zo har gida ya ce ga gefen gonarsa aro, in shuka. Na ce a'a. Na ce 'Yar Gulbi ba ta san wannan ƙasa ba, za ta gauraya da dawar mutane ta lalace, kuma masu wucewa za su karya zangarniya su tafi da ita. Na ce baɗi za mu koma gida. Ya sake zuwa wata daminar, na sake ba shi amsar. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, mutum ne mai kunya. Ni kuma na shiga ƙwadago a gonakin shinkafar rani, ina dawowa da yamma in dubi tulu in ji ni har yanzu mai gida ne. Kina makarantar sakandare aka liƙe shi. Kin gama jami'a, kin yi bautar ƙasa, yana nan a liƙe.

Bayan kin tafi Sakkwato, maganarki ta dangin nan da suka tsira ba su tashi ba ta ƙi barina. Wata safiya na ce bari in kwantar da hankalina. Na fasa lakar, na buɗe. Uwata, da kin ga dawar nan! Ja jawur, tana sheƙi, ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba. Na kira innarki ina washe baki, na ce ta zo ta ga aikin masu iya ajiya. Na ɗebi tafi guda na baza a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, na rufe da wani, yadda ake gwada iri. Kullum in yayyafa ruwa in ɗaga in leƙa. Lokacin da ya kamata in ga farin tsiro ya zo ya wuce. Na ce sanyi ne. Na ce ta sama ce ta sha iska, na zura hannu har gindin tulu na ɗebo wata. Na shuka wata a fasasshen kasko da ƙasa mai taki. Ta kan buhu ta kumbura, ta yi furfura, ta fara wari. Ta kasko na tona da yatsa na same ta ta zama laka.

Ko ƙwaya ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa. Ni manomi ne ɗan manomi, na san iri yana tsufa, na sha faɗa wa wasu. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa namu ma iri ne kamar na kowa ba. 'Yan bindiga ba su taɓa shi ba, wuta ba ta taɓa shi ba, ƙwaro bai taɓa shi ba. A hannuna ya mutu, ina gadinsa, kuma ban ma san shekarar da ya mutu ba. Wataƙila na yi damina da yawa ina hana yara zama kusa da gawa.

Ki riƙe wannan, ke da za ki tara ilimi. Abin da kika koya ki koyar, ko ba a roƙe ki ba. Kada ki ce sai kin ƙware, kada ki ce za a sace miki. In wata ta zo tana son ganin yadda kike aikinki, ki matsa mata ta zauna. Kuma duk abin da kika ajiye kina cewa sai ranar da al'amura suka daidaita, ki riƙa buɗewa kina dubawa. Ni ban duba ba, don ina tsoron abin da zan gani, sai na kira tsoron nawa haƙuri.

Da na dawo hayyacina sai wani tunani ya zo mini, har na ji ƙarfi. Na ce ai ba zai yiwu a ce duk tsawon shekarun nan babu wanda ya saɓa wa dokar ba. Mutane ne fa. Dole wata ta ƙulle 'yar kaɗan a bakin zane, dole wani ya sa zangarniya cikin riga. Washegari na hau kabu-kabu sai Bakura, wurin gwaggonki Hassi. Ita ce ta fi kowa ƙiriniya a ɗakinmu, kuma mijinta yana da gona a fadama. Duk hanya addu'a nake Allah ya sa ƙanwata ɓarauniya ce.

Muka gaisa, ta kawo fura, na kasa sha. Na ce, "Hassi, don Allah ki hwaɗa min gaskiya, ba faɗa niz zo yi ba. 'Yar Gulbi, ko kin taɓa ɗibar iri?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Yaya, ni? Sau biyu ina roƙonka. Ranar da za a kawo ni nan nir roƙe ka, kac ce iri bai hita. Da kunka gudo Mahwara nis sake zuwa, nic ce ka ba ni ko cikin murhin kwalba in shuka maka, kac ce in nis sake wagga magana ba ni ba kai."

"Ba ki ɗiba ba ko da bayan idona? Tulun ga a ɗaki yake, kin sha kwana gidan."

"Na sha zama kusa da shi ni ɗai. Wallahi hannuna ya yi ƙaiƙayi. Amma kai ab babba, kuma ka hana. Mi ya hwaru, Yaya?"

Na gaya mata. Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka kamar an yi mutuwa, kuma mutuwar aka yi. Daga can na biya Garbadu wurin Malam Ɗahiru, wanda ya sha taya mu girbi a ƙauye. Ya rantse mini ko zangarniya ɗaya bai taɓa ɗauka ba, yana faɗa yana jin daɗin amanarsa, ni kuwa ina jin kamar in shaƙe shi. Na tambayi masu leƙa ƙauyen ko akwai gyauron da ya fito da kansa a tsohuwar gonar. Suka ce gonar ta zama daji, abin da ya fito shanu sun cinye tun shekarun farko. Na bi 'yan'uwa ɗaya ɗaya a waya. Kowa amsa ɗaya: ai ka hana.

Wannan ne ya fi mutuwar irin girgiza ni. Na rayu ina alfahari cewa a gidana in na yi magana ta zauna. Ga shi ta zauna. Da a ce mutum ɗaya tak ya raina ni, da yanzu 'Yar Gulbi tana tsaye a wata gona.

A kan hanyar dawowa, a bayan mai babur, na tuna fuskarki ranar da kika ce, "To, Baba." Irin fuskar Hassi ce sak. Na san ki. Za ki gama karatu, a ba ki aiki inda ake buƙatar mai karanta duwatsu, ko wani mutumin kirki ya fito, ki ce a'a, na yi wa Baba alkawari. Ki dawo ɗakin haya a Mafara ki zauna kusa da ni, lafiya lau, ba abin da ya taɓa ki, muna jiran baɗi. Na riga na yi wa yayyenki haka. Murtala ya so tafiya Bakura cinikin awaki tun shekarar da muka zo, na hana, ga shi nan yana tura baro a kasuwa da furfura a gemu. Jiya na kira shi na ce ya tafi. Ya ce, "Baba, yanzu?"

Ke naki lokacin bai wuce ba. Na warware alkawarin nan, na yafe miki shi duniya da lahira, innarki shaida ce, a gabanta nake rubutu. In kin gama, ki duba inda ƙasa ta karɓe ki, ki zauna. Ki riƙe sallarki da mutuncinki, ki zaɓi miji mai tsoron Allah ko daga ina yake, ki kawo shi mu gan shi. Ban sani ba ko za mu koma ƙauye. Na daina cewa baɗi.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Na san halina. Yau a girgize nake, shi ya sa nake da hankali. Wata rana zan yi zazzaɓi, ko Sallah ta zo in ga wurin zamanki babu kowa, in ɗauki waya in ce ki tattaro ki dawo gida haka nan. Zan yi faɗa, wataƙila in yi kuka, wataƙila in ce ban san da wata takarda ba. Ki zo ki duba ni, ki dafa mini kunu, ki kwana biyu. Sannan ki ɗauki jakarki ki koma, ko ina kiran sunanki daga zaure kada ki juyo. Wannan ne umarnina, wancan na ranar ba nawa ba ne, na tsoro ne.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya kau da mugun ji da mugun gani daga hanyarki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba mu da kowa, ya sa ki zama alheri gare su. Ya ba ƙasarmu lafiya. Ki gaishe da masu masaukinki, ki yi musu godiya a madadina. Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ki tafi.

Wassalam,

Mahaifinki,
daga Talatar Mafara.